Dan Allah kayan nan masu ribom ruwan hoda, kuɗin yana isa ga masu sankarar mama kuwa?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ko duk wanda ya san kan abin. Wannan ne Oktoba na biyu da nayi a Amurka, muna Maryland ni da maigidan da yara. Tunda watan ya kama duk kantin dana shiga komai ya koma ruwan hoda, yogot, man shafawa, ruwan gora, safa, har ledar shara wlh na gani da ɗan ribom ɗin nan a jiki an rubuta wai ana taimaka ma yaƙi da sankarar mama. A wajen aikin Baban Hanifa ma an turo musu saƙo za'a yi tattaki ranar Asabar, kowa ya biya kuɗin rajista a bashi riga, in yana so kuma ya nemi 'yan uwa da abokai su tara mishi gudummawa.

Abinda yasa abin ya tsaya min a rai, gwaggona ƙanwar babanmu wadda ta riƙe ni tun ina aji uku na firamare, wannan ciwon ne ajalinta shekara uku da suka wuce. Ta ji ƙullutun ta ɓoye kusan shekara guda saboda kunya, koda aka kaita asibiti ya riga ya ci jiki. To shiyasa indai naga ribom ɗin nan hannuna da kanshi yake kaiwa, ko ya fi na gefenshi tsada shi nake ɗauka, niyyata sadaka ce Allah ya kai mata ladan. Sai jiya na juya bayan wani kwalin man shafawa dana siyo na karanta, abinda kawai aka rubuta "wani kaso na cinikin zai tafi ga taimako", ba'a faɗi nawa ba, ba'a faɗi wace ƙungiya ba. Tun jiyan hankalina bai kwanta ba. Shin da gaske kuɗin yana zuwa inda akace? Kuma tattakin nan muje ko kuwa gara in tura kuɗin gida kawai?

Anti Bilki Houston:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Gwaggo ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Shekarata 19 a nan kuma nima haka na fara, don haka bari in baki abinda na sani, kiyi haƙuri zanyi tsawo.

Shi kanshi ware watan Oktoba don wayar da kai akan sankarar mama, a 1985 aka fara shi, haɗin gwiwa ne tsakanin American Cancer Society da ɓangaren magani na kamfanin ICI na Ingila wanda daga baya ya shige cikin AstraZeneca, kuma sune masu yin tamoxifen, ƙwayar da ake ba masu ciwon. Kinga tun daga tushe da hannun kamfani a ciki. Ribom ɗin kuma labarinshi ya fi taɓa ni. Wata dattijuwa ce a California, Charlotte Haley, ciwon ya taɓa matan gidansu da yawa, sai ta dinga yin ribom da hannunta a gida, kalar ma ba ruwan hoda bace, wata kala ce tsakanin ruwan goro da ruwan hoda, tana haɗawa da kati tana raba ma mutane. A katin ta rubuta cewa cibiyar binciken kansa ta gwamnati tana da kasafin dala biliyan 1.8 a shekara amma kashi 5 cikin ɗari kacal ake sawa a rigakafi, mutane su tashi su matsa ma 'yan majalisa. A 1992 mujallar Self da Evelyn Lauder ta kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder suka nemi su ɗauki ribom ɗinta, matar nan tace a'a, abin nasu kasuwanci ya yi yawa a ciki. Sai kawai suka canza kala zuwa ruwan hoda suka baza shi a kantunan kwalliya. Ita dai dattijuwar ƙorafi take ma hukuma, da abin ya shiga kanti sai ya koma ado.

Abu mafi muhimmanci da zaki riƙe, a ƙasar nan ribom ɗin nan na gama gari ba mallakin kowa bane, kowane kamfani zai iya buga shi a kayanshi ko da sisi bai ba kowa ba, yace ai shi wayar da kai yake yi. Waɗanda suke bayarwa ɗin ma sai kin duba nawa. Yoplait sun yi shekaru suna nasu, ki sha yogot ki wanke murfin ki aika musu ta gidan waya, kowane murfi senti 10, alhali kan sarkin da zaki manna ma ambulan ɗin ya haura senti 30, sai dai in kin tara murafe da yawa kin aika lokaci ɗaya. A 2010 KFC sun yi bokitin kaza ruwan hoda, kowane bokiti senti 50 ga gidauniyar Susan G. Komen, an tara sama da dala miliyan 4, kuɗi ne ba kaɗan ba gaskiya, amma mutane sun yi ca akai don ƙiba bayan ɗaukewar al'ada tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon. A 2014 har wani kamfanin haƙar mai, Baker Hughes, ya shafa ma bakin ƙarfen haƙa fenti ruwan hoda. Wanda ya fi ɓata min rai masu giya ne da suke manna ribom a kwalba, bayan likitoci sun tabbatar giya tana jawo wannan ciwon.

Akwai wata ƙungiya da ta taso daga San Francisco, Breast Cancer Action, tun 2002 suke kamfe mai suna Think Before You Pink, wato kayi tunani kafin ka siya. Daga wajensu na koyi juya kwali. Ki duba an faɗi nawa ne takamaimai daga cikin kuɗinki, an faɗi sunan ƙungiyar da za'a ba, sannan ki duba ko an sa iyaka, don da yawa zaki ga an rubuta da ƙananan baƙi cewa ba zasu wuce dala kaza ba, to in sun riga sun cika adadin tun sati na farko duk wanda ya siya bayan nan aljihun kamfani kawai ya cika. Wannan kwalin naki da bai faɗi komai ba, ni dai bazan ƙara siyanshi da sunan sadaka ba. In man ne yayi miki ki siya don man.

Alhaji Na Kwari:

Salamu alaikum. Hajiya Bilki kin yi bayani mai kyau Allah ya saka, amma ki bari in ɗan ja da ke ta wani gefen, ni ɗan kasuwa ne kuma mahaifiyar 'ya'yana ta farko da wannan ciwon ta rasu, don haka ba daga nesa nake magana ba.

Kamfani ba masallaci bane, riba ya fito nema, wannan kowa ya sani. Tambayar ita ce in bai sa ribom ɗin ba me za'a samu? Babu komai. Wanda zai ci kaza zai ci kazarshi ko bokitin ja ne ko ruwan hoda, to in senti 50 ta fita daga ciki ta tafi ɗakin bincike ai da babu gara ba daɗi. Kuma akwai inda kuɗin kamfani yayi aikin da har yanzu ake cin moriyarshi. Maganin nan Herceptin da ake ba masu wani nau'in ciwon da ake kira HER2, likitan da ya tsaya akan binciken a jami'ar UCLA, Dennis Slamon, kuɗin kamfanin jambaki na Revlon ne ya tallafe shi a lokacin da aikin yake neman tsayawa, a 1998 aka amince da maganin, yau har a asibitocinmu ana rubuta shi duk da tsadarshi sai mai hali. Ita Evelyn Lauder da kika ambata a 1993 ta kafa gidauniyar bincike ta BCRF kuma har gobe suna zuba kuɗi a bincike. Komen ɗin ma mace ɗaya ce ta fara, Nancy Brinker, a 1982 bayan yayarta Susan ta rasu tana da shekara 36, tseren farko da suka yi a Dallas a 1983 mutum wajen 800 ne, ba don kamfanoni sun shigo ba da wuya ya kai inda ya kai.

Sannan maganar kunya da Maman Hanifa tayi. Su ma Turawan da can basa iya furta sunan ciwon a bainar jama'a, wannan hayaniyar ta Oktoba tana cikin abinda ya fasa shirun. Marigayiya matata wata takwas tana fama bata gaya min ba, ni da muke ɗaki ɗaya. Wallahi da a lokacin ko a jikin ledar burodi ne aka rubuta "in kin ji ƙullutu ki je asibiti" tana gani kullum, wataƙila da ta faɗa da wuri. Inda na yarda da ke ɗari bisa ɗari shine wanda ya buga ribom bai bada komai ba, wannan a kasuwa ha'inci sunanshi, daidai yake da mai tauye mudu.

Anti Bilki Houston:

Alhaji Allah ya jiƙanta da rahama, ya raya abinda ta bari. Ban musa maka ba ko kaɗan, mace-macen ciwon a Amurka sun ragu da sama da kashi 40 cikin ɗari daga 1989 zuwa yanzu, gwajin wuri da ingantattun magunguna ne suka kawo haka kuma kuɗin gudummawa yana da kaso a ciki. Abinda nake nufi, ita Maman Hanifa ba kaza taje ci ba, sadaka tayi niyya, to mai niyyar sadakar dala 20 me zai sa senti 50 ne kawai zai isa. Kuma ko a nan ɗin mata baƙar fata sun fi farare mutuwa da ciwon da wajen kashi 40 cikin ɗari, duk da shekarun da aka kwashe ana ruwan hodan nan, kaga akwai inda ribom baya kaiwa.

Sista Rabi:

Slm. Ni nas ce a nan gida Arewa, shekara 11 ina ɗakin masu kansa, bari in faɗa muku yadda abin yake daga inda nake tsaye.

Al'adar ta iso mana ai, duk Oktoba bankuna da kamfanonin waya da manyan kantuna kowa ya saka hoton ma'aikatanshi da riga ruwan hoda a Instagram. Akwai kuma ƙungiyoyin da suka daɗe suna abin tsakani da Allah, irin Medicaid Cancer Foundation ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu masu tattakin Walk Away Cancer a Abuja, da Project Pink Blue, da BRECAN da Betty Anyanwu Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ita kanta ta yi ciwon ta warke. Ba zan raina tattaki da gwajin kyauta ba don na sha karɓar matan da a irin wajen ne aka fara gano nasu.

Amma ga inda zuciyata ke karyewa. Wata shekara wani kamfani ya kira mu gwajin kyauta, an kafa rumfuna an kawo mai kiɗa an raba riguna da hula, 'yan jarida sun ɗauki hoto, mun duba mata tun safe har la'asar, muka samu wasu da ƙullutun da ya kamata a bincika. Na tambayi mai shirya taron to waɗannan fa wa zai biya musu hoto da yankar tsoka a kai gwaji, yace kasafinsu na yau ɗin ne kawai. Wato mun gaya ma mace akwai matsala a jikinta mun sallame ta ta koma gida da tsoro ba ko kuɗin mota. Guda biyu daga cikinsu sai bayan fiye da shekara na sake ganinsu, ya fashe yana ruwa, sun zaga wajen masu magani an ce musu daji baya son ƙarfe baya son allura, an yi ta shafe shafe da hayaƙi har gona ta tafi.

Ƙiyasin hukumar lafiya ta duniya na 2022, mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai sabbin kamu wajen 32,000, rasuwa wajen 16,000, kunga rabi kenan, alhali a ƙasashe masu arziki sama da 90 cikin ɗari suna haura shekara biyar da rai. Bambancin ba wai namu matan basu taɓa jin sunan ciwon bane yanzu, a makare ake zuwa kuma in an zo kuɗi ya yanke a tsakiya. Kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, ba sau ɗaya bane, zagaye shida ko takwas ne duk bayan sati uku, mace tayi biyu ta ɓace, in kin kira waya mijin yace Sista wallahi mun sayar da komai. Ga tiyata, ga gashi, wato ƙona ciwon da inji, wanda injinan ƙasar gaba ɗaya 'yan kaɗan ne kuma yau wannan ya lalace gobe wancan, sai an yi tafiya wani gari an kama ɗaki an yi makonni. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na Cancer Health Fund a 2021 don marasa hali masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate ta maza, da asibitoci shida aka fara har da Shika a Zariya da na Gombe da Asibitin Ƙasa na Abuja, yana taimakawa amma masu buƙata sun ninka abinda ke ciki.

Don haka Maman Hanifa in shawarata kike so, kuɗin da kike ƙarawa akan kayan ruwan hoda ki tara shi, ki sa wani naki mai amana yaje sashen walwalar marasa lafiya na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, kowane babban asibiti yana da shi, a biya ma wata zagayen kemo ɗaya kai tsaye a asusun asibiti a karɓo rasit. Kar a damƙa kuɗi a hannun kowa, ko ni ce.

Ɗiyar Damagaram:

Ina gaida ku duka. Nan Nijar muna ce mishi Octobre Rose, ana yin marche, wato tattaki, a Yamai da manyan garuruwa, ana gwaji kyauta wasu ranaku. Maganar Sista Rabi haka take har nan. Sai 2021 aka fara gashi a cibiyar kansa ta ƙasa da ke Yamai, kafin nan sai dai a fita waje ga mai hali. Yanzu ma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, innata mun kaita, kuɗin mota da masauki da abinci sun kusa kamo kuɗin maganin. In da masu raba riguna za su ɗauki ko da kuɗin motar matan ƙauye ne da sun yi babban aiki.

Ummu Sadiq:

Maman Hanifa ni na yi ciwon, shekara shida kenan da aka cire min na hagu a nan Ingila, Alhamdulillah har yanzu gwaji yana fitowa lafiya. Tattakin nan kije. Ba don kuɗin kaɗai ba. Shekarar dana gama kemo kaina ba gashi ko ɗaya ga farce duk sun yi baƙi, 'yata ta ja ni Race for Life na Cancer Research UK, da hijabina da komai muka yi kilomita 5 a ƙafa, kowa da takarda a bayanshi ya rubuta sunan wanda yake tafiyar dominshi, wata ta rubuta mamanta wata ƙanwarta. Ranar ce rana ta farko da naji ba ni kaɗai bace, nayi kuka sosai a hanya wata tsohuwa da ban sani ba ta riƙe min hannu har ƙarshe. Ki rubuta sunan Gwaggo ki manna.

Abinda kawai bana so a watan nan shine yadda ake maida abin kamar biki, balan balan da murmushi, ana ta cewa jaruma ta ci nasara. Wadda muke zama kujera ɗaya wajen kemo nata ya bazu zuwa ƙashi da hanta, ta rasu ta bar yara uku, ba don bata yi ƙoƙari ba. Masu irin nata rana ɗaya tak aka ware musu a watan, 13 ga Oktoba. In zaki bada kuɗi a can Amurka ki nemi masu bincike akan wanda ya bazu ko masu kai marasa lafiya asibiti da biya musu haya. Kuma kafin ki biya rajistar ki duba wace ƙungiya ce, a Amurka takardar kuɗinsu ta shekara da ake kira 990 a buɗe take kowa zai iya gani, ko ki duba su a Charity Navigator. Baban Hanifa ya tambaya a ofis ko suna ninka gudummawar ma'aikata, kamfanoni da yawa a can in ka bada 50 su ma su ɗora 50.

Maman Hanifa:

Wlh na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Alhaji da Ɗiyar Damagaram Allah ya jiƙan namu ya ba innarki lafiya, Anti Ummu Sadiq Allah ya ƙara miki lafiya mai ɗorewa, kin sa ni hawaye. Baban Hanifa ya tambaya yau, ashe suna ninkawa har wani adadi a shekara bamu taɓa sani ba. Zamu je tattakin insha Allah da yaran duka. Nayi lissafin abinda na ƙara akan kayan ruwan hoda bara da bana ya kusa dala 90, zan cika shi 150 in tura ma Yaya a gida yaje asibitin da kanshi yadda Sista tace.

Sista Rabi tambaya ɗaya ta ƙarshe dan Allah, Gwaggo ta bar 'ya mace guda ɗaya, shekararta 34 yanzu, ita ma ya kamata ta je a duba ta ko sai ta kai 40? Don nan naji ance daga 40 ake fara hoton.

Sista Rabi:

Daga 40 ɗin na wadda ba kowa a gidansu ne. Ita tunda mahaifiyarta ce tayi, kar ta jira, taje ta ga likita yanzu ta gaya mishi shekarun Gwaggo lokacin da aka gano ciwon, da kuma ko akwai wata a dangi da tayi na mama ko na ƙwan mahaifa, shi zai faɗa mata lokacin da zata fara hoto da irin wanda ya dace da shekarunta. Kafin nan ta dinga duba kanta duk wata bayan ta yi wankan tsarki da 'yan kwanaki, har ƙarƙashin hammata, in taga ƙullutu ko kan ya shige ciki ko jini yana fita ko fatar ta canza kamar ɓawon lemo taje a satin, mafi yawan ƙullutu ba kansa bane amma gwaji ne kaɗai zai raba. Ke ma Maman Hanifa ki faɗa ma likitanki na can cewa ƙanwar mahaifinki tayi, ta wajen uba ma ana lissafawa.